Sunan da Bai Shiga Takardar Armaya'u Ba

Hinde ta Kebbe tana da wata ɗabi'a da duk unguwarmu ta sani. Kowane labari aka kawo mata, na haihuwa ne ko na tsadar gero, ba ta cewa madalla, ba ta cewa assha. Sai ta karkata kai tukuna ta ce, "In ji wa?" In ka kasa faɗin wanda ya gaya maka, sai ta ci gaba da abin da take yi kamar iska ce ta wuce. Ranar da aka ce an sami mulkin kai ma sai da ta tambaya.

Ni maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ba a daɗe da mulkin kan ba, jikanta Armaya'u, wanda ubansa ke aikin akawu a Tambuwal, ya kai shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Aka ce kowane ɗalibi ya yi bincike a kan tarihin ƙasarsu ya rubuta. Shi sai ya zaɓi fataucin goro, yadda ayari ke tashi daga wannan yanki ya bi ta Jega da Yawuri har Gwanja kafin zuwan mota. Rabin abin da ya rubuta a bakin Hinde ya ji shi. Malaminsu na tarihi ya mayar masa da takardar, ya ce ba zai karɓa ba sai an nuna inda kowace magana ta fito. In ba a karɓa ba, babu shaidar gama karatu a wannan shekara, ajin da aka yi masa alkawari a makarantar Tambuwal kuma wani za a ba.

Ranar kasuwa da hantsi Armaya'u ya sauka daga mota, kuma motar zai bi ya koma in ta gama lodi. Ina ƙofar gida ina gyaran ƙotar fartanya, ita tana bakin zaurenta tana tsintar wake a faifai. Ga abin da kunnena ya ji.

"...lafiya lau, ba gajiya. To tsaya nan, kada ka matso. Wane ne wanga mai gajeren wando?"

"Amarya, yanzu idon ma ya tafi? Mijinki ne."

"Ni ban da miji mai ƙafafu awa karan dawa. Mi kaz zo min da shi?"

"Na zo miki da kaina."

"Mai da abinka. Kan da anka tsaga ma hanya a tsakiya awa gonar gado, mi za ni yi da shi?"

"Ga sabulu, ga goro. Ni da na ɗauka ta'aziyya zan zo, sai na ishe ki kina tsintar wake. Tsohuwa, me kike jira ne har yanzu?"

"Jira nika yi ka yi hankali in tafi. Da alama ina nan har a tashi duniya."

Ta ɓare goron, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Goron mota. Dut warin mai."

"Gara da kika ambaci goro, shi ya kawo ni. Malam ya dawo min da takardata."

"In ji wa?"

"In ji ni. Ga ta."

"Wanga ja da ke ko'ina fa? Yankewa kay yi?"

"Jar tawada ce. Duk inda malam ya ga kuskure, nan yake sa ta."

"Ashe ba ni kaɗai nika ganin wautarka ba. In ka koma ka gaishe min da shi, ka ce ya yi ƙoƙari."

Armaya'u ya ja turmi ya kifa, ya zauna a kai, ya shimfiɗa takardun a gwiwa.

"Ki saurara, mota ba za ta jira ni ba. Duk maganar da na rubuta wadda ba tawa ba, sai in sa mata 'yar lamba. Sa'annan a gindin shafin in sake sa lambar, in rubuta inda na samo ta. In littafi ne, sunan mai littafin, sunan littafin, garin da aka buga shi, shekara, da shafi. In mutum ne, sunansa, garinsu, shekarunsa, da ranar da muka yi magana."

"Ni ina kas sa ni?"

"Ga ki nan."

"Nan ƙasa?"

"Nan ƙasa."

"Ka ji min ɗan banza! Ni da nib ba ka magana ina ƙasa wajen ƙafa, kai da kaz zo da kunne kawai kana bisa?"

"Haka tsarin yake. Kowa a ƙasa yake, har Turawa masu littattafai."

"Su nawa ke gabana?"

"Uku. Ke ce ta huɗu."

"Ta fuɗu! Wa ke na fari?"

"Wani Bature da ya rubuta littafi a kan hanyoyin fatake."

"Ya taɓa aza huhun goro bayan jaki?"

"Ban sani ba."

"Ya taɓa kwana a zango kura na kuka?"

"Na ce ban sani ba."

"To mai da shi baya, ka kawo ni gaba."

"Ba sarauta ake rabawa ba, amarya. Wanda aka fara ɗauko maganarsa shi ke fara samun lamba."

"Shi ke nan, ka fara da baƙo ka bar ta gida. In ka ji yunwa ka tafi wurin na fari shi dama ma fura."

Ya yi kamar bai ji ba, ya lashi bakin fensir.

"Suna: Hinde."

"Hinde kawai? Hinde nawa ga Kebbe? Ka bari a ce Hinde mai daddawa ce tay yi maganar, ita da ba ta san gabas ba sai an nuna mata? Rubuta Hinde ɗiyar Ladan."

"Hinde 'yar Ladan, Kebbe. Shekarunki?"

"Ka ji marar kunya. Ango shina tambayar amarya shekaru a bakin hanya?"

"Takarda ke tambaya."

"Rubuta sha bakwai."

"Sha bakwai sau nawa?"

"Allah shi shirye ka. Sa'ad da anka ce Nasara sun shiga Sakkwato, ina ɗauko tulu daga rijiya ba ni zubar da ko ɗigo. Ka kai ma malaminka shi lissafa, tunda aikin yi ya rasa."

"Na gode, wannan ya isa. Saura ɗaya, kuma ita ce babbar. Kin taɓa zuwa Gwanja?"

"Na tafi Jega."

"Gwanja na ce."

"Jega ma ai tafiya ce. Kai ka taɓa zuwa da ƙafa?"

"To nan gizon yake."

Ya ɗaga wani shafi da jar tawada ta fi yawa a kai.

"Malam ya ce, matar da ba ta wuce Jega ba, ina ta san inda ake ƙetare Kwara? Ina ta san yadda ake buɗe huhu a hanya a yayyafa ruwa a cire wanda ya lalace? Ya ce wanda bai gani da idonsa ba, dole a rubuta wanda ya gaya masa. Ko dai ta ji daga wani, ko ɗalibi ne ya zauna a ɗaki ya ƙaga."

"Yac ce ƙarya kaka yi?"

"Bai faɗa da baki ba, amma haka ake karantawa."

"Kai maƙaryaci ne tun kana rarrafe, amma ni kaɗai ke da ikon faɗi. Shi wa yab ba shi?"

"To ki wanke ni. Amarya, duk wannan labari na Gwanja, in ji wa?"

Na ga hannunta ya tsaya a cikin faifan. Tun da nake, ban taɓa jin an mayar mata da tambayarta ba.

"In ji wanda ba ni faɗin sunanai."

Armaya'u ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa kaya. A wurinmu mace irin Hinde ba ta kama sunan mijinta, ko yana raye ko ya kwanta. Haka surukinta, haka ɗanta na fari. Wannan kowa ya sani, shi ma ya sani.

"Da kin faɗa tun ɗazu! Kakana ke nan, Allah ya jiƙansa. Ba sai kin wahalar da bakinki ba, ni na san sunansa. Malam Lauwali, Kebbe..."

"Goge."

"Me?"

"Goge nic ce. Kakanka mutumin kirki, Allah shi yi mai rahama, amma ko kasuwar Jabo yat tafi sai an rako shi gida. Kada ka aza mai tafiyar da bai yi ba, shina kwance abinai."

"To mahaifinsa ne, surukinki?"

"Wancan daga gona sai masallaci, har Allah ya ɗauke shi."

"To Baba? Shi ne ɗanki na fari."

"Ubanka? Akawu? Wanda in rana ta taɓa shi sai ya kwana da ciwon kai? Shi za ya kori jakkai har Gwanja?"

"To ai sun ƙare! Miji, suruki, ɗan fari. Wa ya rage?"

"Anka ce ka yi karatu, ashe ƙidaya ma ta gagare ka."

Ya daɗe yana kallonta. Da ya buɗe baki, bai ce amarya ba.

"Iya... kin yi wani aure kafin kakana?"

"Kai kana tsammani kai ne na biyu? Na ukku kake, kuma kai ka fi su muni."

"Ba wanda ya taɓa gaya min."

"Wa kat tambaya?"

"Ɗan ina ne?"

"Fakku."

"Bafatake ne?"

"A'a, ɗan sama jannati. Bafatake mana! Ya tafi ya dawo, ya koma ya dawo. In ya dawo, wasu maza sukan kawo ma matansu labarin riba. Shi hanya shika kawo min. Ya zauna ya jera min ita zango bayan zango, inda ruwa ke da daɗi, inda ba a hura wuta, har na riƙe ta awa ni nit taka. Sa'annan ya sake komawa."

"Sai me ya faru?"

"Sai wake ya yi tsakuwa, ga shi ina tsinta."

Armaya'u ya juyo wajena.

"Baba, kai ka san shi?"

Na ce masa ni daga Jabo na zo garin, kuma da jikokinta na same ta. Gaskiya na faɗa. Na koma kan ƙotata.

"Iya, suna kawai. Ba wanda zai ji. Matso ki raɗa min a kunne."

"Raɗa da gwiwa aka yin ta? Ba baki ba ne?"

"To ki nuna min wani mai irin sunansa a garin nan, in je in tambaye shi."

"Babu. Da akwai da ban zauna garin ba."

"To bari in jero sunaye. In na zo kan nasa, ba sai kin yi magana ba, tari kawai za ki yi."

"Jero."

"Bube."

Ta yi tari.

"Alhamdu lillahi! Bube na Fak..."

"Ci gaba mana."

"Dogo?"

Ta yi tari.

"Ɗanmaliki?"

Ta yi tari har da dafe ƙirji.

"Iya!"

"Tsufa ne, angona. Tari ya kama ni tun damina, kai kuma ko zuma ba ka kawo min ba."

"Wallahi in ba ki faɗa ba, yau na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Aje sabulun ka tafi."

"To shi ke nan. Ba abin wahala ba ne. In rubuta Dogo na Fakku, bafatake. Wa zai je Fakku ya bincika?"

"Rubuta. Rubuta ka gani. Motar ga da za ka shiga ita za ni shiga, in ishe malaminka gaban ɗalibai in ce mai wanga yaro ya ƙaga mutum."

"Ke da ba ki wuce Jega ba?"

"Ranar za ni wuce. Kakanka nic ce kada ka aza mai tafiyar wani, sai in bari ka ba wani Dogo da ba a haifa ba?"

Ya ajiye fensirin. Muryarsa ta sauka, har sai da na kasa kunne sosai.

"Iya, ba wasa nake ba yanzu. In ya ƙi karɓa, shekara guda zan maimaita. Ajin Tambuwal wani za a ba. Baba ya riga ya gaya wa mutane."

"Na ji. Kana tsammani so nika yi ka faɗi? Ka ɗauki sunana, ka ɗauki na ubana, ka ɗauki shekaruna ka ba baƙo shi lissafa, ka aje ni ƙasa wajen ƙafa bayan mutum ukku, dut na yarda. Wanga ɗaya ba na takarda ba ne. Bakina bai kama shi ba shina da rai, ba za ya kama shi ba yau don wani mai jar tawada."

Daga kasuwa ana jin yaran mota suna kiran masu zuwa Tambuwal. Hinde ta miƙa wuya tana leƙen takardar, ta dangwala yatsa a gindin shafi.

"Wanga ɗan guntun rubutu fa? Ga shi nan, ga shi nan kuma. Kowa da dogon layi, shi ɗan tsugul. Maraya ne?"

"Ba mutum ba ne. In na ambaci wani, sa'annan na sake ɗauko maganarsa nan take, ba a sake rubuta sunansa. Sai a sa wannan 'yar kalma, ma'anarta wanda aka ambata ɗazu."

"Ashe! Ashe su ma sun san a yi maganar mutum ba a kama sunanai ba. Ni ina yi tun ba a haifi ubanka ba, ba wanda yab ba ni shaidar gama karatu."

"Ba ɗaya ba ne. Su sai an fara faɗin sunan sau ɗaya, cikakke, kowa ya ji."

"Sau ɗaya?"

"Sau ɗaya."

"To an faɗa. Liman ya faɗa ranar ɗaurin aure, cikakke, har da na ubanai, gaban dut mutanen Fakku. Malaminka ne bai zo ba."

Armaya'u ya so ya daure, bai iya ba. Dariya ta ƙwace masa har takardu suka zame daga gwiwarsa, ya bi su yana tarawa yana share ido.

"Kin ci, tsohuwa. Wallahi kin ci."

"Yaushe ka taɓa ci?"

Ya gyara zama, ya goge abin da ya fara rubutawa, ya shiga rubutu yana karantawa a fili don ta ji.

"Lamba ta huɗu. Hinde 'yar Ladan, Kebbe, ta haura saba'in..."

"Ƙarya."

"...ta haura saba'in. Ba ta je Gwanja ba. Ta ji daga mijinta na fari, bafatake mutumin Fakku, wanda ya taka hanyar da ƙafarsa. Ba ta faɗin sunansa, kamar yadda matan ƙasarmu ba su faɗi. Ga gurbi nan na bari, iyakar faɗin suna."

"In ya ƙi fa?"

"Sai mu yi ta yi da shi. Baturensa na lamba ɗaya ba ya jin Hausa, wani ne ya yi masa tafinta, kuma na duba littafin daga bango zuwa bango ban ga sunan tafintan ba. Ni ko na faɗi garin mutumina, na faɗi sana'arsa, na faɗi dalilin da ya sa babu suna. In ya karɓi wancan, sai ya gaya min abin da ya hana wannan."

"Yau kam ka yi kama da miji. Daga nesa."

Motar ta yi oda. Hinde ta dafa bango ta miƙe, ta shiga gida, ta fito da ƙullin dakuwa a ganye.

"Ungo. Manyan naka. Ƙaramar ga ta mai jar tawada ce, ka ce in ji ta fuɗu."

"Sai na dawo, amarya. Kada ki mutu kafin in zo."

"Ina za ni in bar ka da wanga aski? Tafi, kada su bar ka ka kwana ka cinye min tuwo."

Abin da ya biyo baya daga bakin Armaya'u na ji shi. Ya ce sun daɗe suna ja da malamin, a tsaye, ba wanda ya zauna. Daga ƙarshe malamin ya karɓi takardar, amma ya ce in ana so a ajiye ta a ɗakin karatun kwaleji, sai an cike gurbin. Armaya'u ya ce ya ji, ya naɗe abarsa ya taho da ita gida. Ajin Tambuwal shi aka ba.

Hinde ta ga auren Armaya'u, ta ga ɗansa na fari, sa'annan ta cika. Bayan wasu shekaru aiki ya kai shi Fakku. Can wani dattijo da ya ji jikan Hinde ne, ya riƙe hannunsa ya ba shi labarin ƙanen ubansa shi dattijon, wanda ya aure ta, ya bi ayari bai dawo ba. Ya faɗi sunan, cikakke, ba a ma tambaye shi ba.

Na je Tambuwal wata shekara na sauka a gidansa, lokacin shi ne shugaban makarantar. Hira ta kawo mu kan Hinde, sai ya tashi ya ɗauko takardar ya buɗe min shafin. Ta yi ja don tsufa. Gurbin yana nan fari. Na ce masa ai na ji an ce yanzu ya san sunan. Ya ce ya sani, zai cike, alƙalami ne ba ya kusa.

Akwai biyu a aljihun rigarsa.